Ku ƙyale ni da ƙanƙarata

Na ji ku, jama'a, kuma babu wanda na riƙe a zuci. Da mai cewa zafin bazara ne ya taɓa mini kai, da hajiyar da ta ba da shawara a nemo mai ruƙiyya tun abin bai yi nisa ba, da Bazazzagin nan da ya ce duk duniya ƙanƙarar da Bakano ya sani ita ce ta cikin kular mai zoɓo, duk na ji. Abin da ya jawo mini wannan taron dangi bai wuce cewa da na yi ina bin wata ƙungiyar ɗalibai masu wasan hoki a kan ƙanƙara ba, ta Jami'ar Minnesota da ke Amurka, tun daga Oktoba har Afrilu, ta intanet, cikin talatainin dare. Wai ni da ko sanyin Jos ba na iya jurewa. To ku gyara zama. Tunda kun tsokano, sai kun ji labarin kakar 2022 zuwa 2023 kaf, ko da kuna hamma. Kai kuma Bazazzagi matso gaba, don na san kai za ka fi shan wuyar ganewa.

Kun ce ba wasa ba ne, guje-guje ne da sanduna. Ga yadda yake. Kowane ɓangare mutum 6 ne a fili, biyar da gola. A ƙasan takalminsu akwai ƙarfe mai kaifi, shi ke yankar ƙanƙarar ya ba su gudu, shi ne kuma birkinsu. Abin da suke kora wani ɗan faifai ne na baƙar roba, faɗinsa inci 3, kaurinsa inci 1, nauyinsa wajen giram 170, kuma a firiza ake ajiye shi kafin wasa don kada ya riƙa tsalle. Zango uku ake yi, kowanne minti 20, agogo na tsayawa duk sa'ad da aka busa usur. Gudun da ake shararawa ya kai ɗan wasa ba ya wuce kamar daƙiƙa 45 a fili sai numfashi ya gagara, shi ya sa ake canji wasa na gudana, babu jiran alƙali. Wannan ya tsallako katanga, wancan ya faɗa benci, irin hawa da saukar kwandasta bas na tafiya. Wanda ya yi ƙeta, ya saƙalo ƙafar wani da sanda ko ya ɗaga ta har ta taɓa fuskar mutum, sai a kai shi wani ɗan keji a gefe ya zauna minti 2 shi kaɗai, 'yan'uwansa huɗu su ji da mutum biyar. Ku riƙe wannan dokar da kyau, za ta dawo ta ci mu a gaba.

Wani malami ya ce shi abin da ya taɓa gani a talabijin ƙarti biyu ne sun yar da sanduna suna kirɓar juna, alƙali na tsaye yana kallo. Gaskiya ne, malam, amma wannan a gasar ƙwararru ta NHL ka gan shi. A ta jami'o'i wanda ya yi dambe korarsa ake yi daga wasan, kuma ba zai buga na gaba ba. Fuskar ɗalibi ma a rufe take ruf da waya ko gilashi, to ina za ka nausa? Bangaza dai akwai ta, ta halal kuwa, a haɗa mutum da katanga har gilashin ya yi ƙara.

Sai sunan ƙungiyar, wanda ya fi komai ba ku dariya. Golden Gophers ake ce musu, da sunan wata 'yar dabba mai tonon rami. Wanda ke sa rigar dabbar yana rawa a filin wasa, Goldy, haƙoransa biyu ne zaƙo-zaƙo a gaba, in kun gan shi kurege za ku ce. Ku yi dariyarku. Ni dai ban taɓa jin tatsuniyar da kura ta ci riba a hannun kurege ba.

Abin da ba ku sani ba shi ne a jihar Minnesota wannan wasa gado ne. Jiha ce mai tafkuna fiye da 10,000, in hunturu ya kankama sanyi yakan sauka har digiri 20 ƙasa da sifili, tafkunan su daskare, yara su fito da sanduna. Gasar makarantun sakandarensu kaɗai takan cika filin ƙwararru na birnin St. Paul maƙil. Filin jami'ar kuma, wanda aka buɗe a 1993 a Minneapolis, mai cin mutum kusan 10,000, sunan John Mariucci aka sa masa, kocin da ya dage a shekarun 1950 da 1960 cewa da yaran gida zai yi wasa, a lokacin da wasu jami'o'in ke kwaso ƙarti daga Kanada. Ɗaya daga cikin yaran nasa, Herb Brooks, shi ya zo ya ci wa jami'ar kofin ƙasa a 1974 da 1976 da 1979. Daga nan ya ɗebi matasa 20, tara daga cikinsu 'yan jami'ar Minnesota ɗin nan, ya je gasar Olamfik ta 1980 a Lake Placid suka doke Tarayyar Sobiyet 4 da 3, a zamanin da duniya ta sallama cewa ba a doke ta. An ƙara cin kofi a 2002 da 2003. Daga nan shiru. Shekara 20 cur ana jira, shi ne nauyin da yaran 2023 suka tarar a ka. Matan jami'ar kam ba su san wannan jiran ba, don a kakar 2012 zuwa 2013 wasa 41 suka buga, suka cinye 41.

Na ga wani ya ɗaga hannu can baya, wai wannan wasan Turawa ne zalla, me ya haɗa mu da shi. Sauke hannunka, ɗan'uwa. Kyle Okposo, haifaffen St. Paul, mahaifinsa ɗan Najeriya ne, rigar nan ta Gophers ya sa a 2006, ya zama kyaftin na Buffalo a NHL, ya kuma ɗaga kofin Stanley na NHL ɗin da ƙungiyar Florida a 2024. Jarome Iginla, wanda ya jefa fiye da 600 a raga a NHL, shi ma mahaifinsa daga nan ƙasar ya tashi. Ko sai na kawo muku takardar shaidar ƙaramar hukuma?

Yadda ake bin kaka shi ne abin da nake so ku gane, don a nan daɗin yake. Yawanci Juma'a da Asabar ake wasa, kuma da abokin hamayya ɗaya. Wanda ka doka yau, gobe da daddare yana nan yana jiran ka da haushin jiya, wanda ya bangaje ka kuma ba sai ka jira wata shida kafin ka rama ba. Shi ya sa mai bin ƙungiya ba ya murna da daren Juma'a, sai ya ga abin da Asabar ta haifa. In an cinye biyun a ce an share su, in an raba kowa ya koma gida yana ƙunƙuni. Ranar Litinin kuma yaran nan aji za su shiga, don wanda ya zubar da karatu ba a barin sa ya buga. Ƙarfe 7 na yammacinsu ya kama 1 na darenmu a Oktoba, in sun mayar da agogonsu baya a Nuwamba ya koma 2. Mai gidan da nake haya ya taɓa ƙwanƙwasa mini ƙofa yana tambayar ko ɓarawo ne ya shigo. Na ce a'a, Alhaji, ci aka yi. Ya tsaya yana duba ɗakin ko zai ga kwano.

Ɗaliban da ke cika bayan raga su ma abin kallo ne. Ga masu bushe-bushe da ganguna na jami'a, ga ihun harrufan sunan jihar ɗaya bayan ɗaya duk sa'ad da aka ci. Golan baƙi kuwa ya shiga uku, don al'adar filayen jami'o'i ce a nuna shi da yatsa ana ce masa rariya, a kuma tabbatar masa cewa laifinsa ne shi kaɗai. Ashe zolaya ba Kano da Zazzau kaɗai suka gaje ta ba.

To ga yaran waccan shekarar. Koci Bob Motzko ya haɗa wasu uku a layin gaba waɗanda har yau in na tuna su sai na yi ajiyar zuciya. Logan Cooley ɗan Pittsburgh, shekararsa ta farko a jami'a, wanda ƙungiyar Arizona ta riga ta zaɓa a matsayi na uku a duk zaɓen matasan NHL na 2022. Jimmy Snuggerud, ɗan gida, wanda mahaifinsa ma rigar ya sa a zamaninsa. Sai Matthew Knies, ƙato mai tsayawa a bakin raga a yi ta turi ya ƙi gusawa. Ku tambaye ni garinsu. Phoenix, cikin hamadar Arizona, inda zafi ba ya jin kunyar na Sakkwato. Mai cewa sai ɗan sanyi ke sanin ƙanƙara, ga amsarka nan. A baya kuma akwai kyaftin Brock Faber. Shi da Knies sun riga sun buga wa Amurka a Olamfik ta birnin Beijin a 2022, kuma da sun so da tuni sun tafi inda ake biyan albashi. Suka dawo makaranta, saboda a kakar da ta wuce an fitar da su a wasan kusa da na ƙarshe na kofin ƙasa, abin bai bar su sun yi barci ba.

A Oktoba North Dakota ta zo Minneapolis. Tsakanin waɗannan biyun babu ga-maciji, gaba ce ta maƙwabta da aka gada tun kaka da kakanni. Aka raba, kowa ya ci ɗaya, ni kuma na fara gane cewa yaran nan za su kai ni inda ban shirya ba. Ƙarshen Disamba aka ari Cooley da Snuggerud suka tafi Kanada gasar matasa ta duniya, suka dawo da tagulla. Mai bin ƙungiyar jami'a a wannan makon ba ruwansa da lambar da za a samo, addu'arsa ɗaya ce, a dawo masa da yaransa ƙafa da kafaɗa lafiya. Janairu da Fabrairu kuwa aikin gayya ne, wasa kan wasa da sauran jami'o'i shida na rukunin Big Ten, irin su Wisconsin da Ohio State da Notre Dame. Kafin Fabrairu ya fita Minnesota ta riga ta kulle saman teburi.

Sai Maris ya zo da gargaɗi. Wasan ƙarshe na kofin rukuni, a gidanmu, gaban mutanenmu, Michigan ta zo ta ci 4 da 3. A kakar da ta gabaci wannan ma a filin nan ita ta ci, 4 da 3 ɗin dai. Na ce ba komai, wanda muke nema yana gaba.

Gasar ƙasa ƙungiya 16 ake ɗauka daga cikin wajen 60, kuma wasa ɗaya ne tal. Babu gida da waje, babu gobe. Aikin wata shida yana iya rushewa saboda faifai ya daki ƙafar wani ya karkace. Minnesota ce aka sa a lamba ta ɗaya, aka tura ta garin Fargo. Ranar 23 ga Maris, ranar da muka ɗauki azumi, ta haɗu da wata 'yar ƙaramar makaranta, Canisius, wadda har ta shiga gaba da 2 da 1. Duk wani tsohon mai goyon bayan Gophers a lokacin 2006 ya tuna, shekarar da wata ƙaramar makarantar, Holy Cross, ta yi waje da su a zagayen farko, 'yan North Dakota na tafi. Wannan karon yaran suka farka, aka tashi 9 da 2. Bayan kwana biyu suka kawar da St. Cloud State 4 da 1, makarantar da Motzko ya baro ya zo nan.

Saura huɗu, kuma ina za a yi? Tampa, a jihar Florida, garin rana da bakin teku. Na san za ku ce ƙanƙarar ba za ta narke ba? Bututai ne shimfiɗe a ƙarƙashin daɓen, ruwan sanyi na zagayawa a ciki, kuma tsakanin zango da zango wata mota da ake kira Zamboni ta fito ta kankare saman, ta shafa ruwa ya daskare sumul. Kar wanda ya tambaye ni abin da zai faru in an ɗauke wuta, na san inda kuka dosa. Abin da ya fi damun masana shi ne faɗin fili. Na Mariucci a lokacin ƙafa 100 ne, na Tampa 85, kuma yara masu gudu sarari suke so. A wasan kusa da na ƙarshe dai ba a ga alamar takura ba. Aka shiga zango na uku da Jami'ar Boston ana 2 da 2, Luke Mittelstadt ya jefa biyu, aka tashi 6 da 2.

Abokiyar karawar ƙarshe ita ce Quinnipiac, daga wani gari Hamden a jihar Connecticut. Bazazzagi, kar ka wahalar da harshenka, ce musu waɗancan kawai. Kocinsu Rand Pecknold yana wurin tun 1994, tun ƙungiyar ba ta da filin kanta, sai tsakar dare take samun aron wurin atisaye. Sau biyu ya kai wasan ƙarshe, 2013 da 2016, sau biyu ya dawo hannu rabbana. Da a ce ba da mu zai kara ba, wallahi da shi zan goya wa baya.

Asabar 8 ga Afrilu da daddare a can, ƙarfe 1 na daren wayewar Lahadi a nan, muna cikin goma ta wuya. John Mittelstadt, ɗan'uwan Luke, ya buɗe. A zango na biyu Jaxon Nelson ya ƙara, 2 da nema. Na fara lissafin waɗanda zan kira a cikinku in tashe su sahur da albishir. Quinnipiac ta rama ɗaya kafin zangon ya ƙare, daga nan fa yaranmu suka koma baya suna gadin abin da ke hannu. Har gobe ba na yafe wannan dabarar. Kana da layin da ya fi na kowa kaifi a ƙasar, ka ce su tsaya su yi ta korar faifai waje? A zango na uku gaba ɗaya sau 2 kacal Minnesota ta auna ragar mutanen, su kuwa sau 14. Gola Justen Close ya yi ta tarewa har na fara tausayinsa. Saura kamar minti biyar, sandar Cooley ta tashi sama, alƙali ya nuna masa keji. Na ce muku dokar nan za ta dawo. Pecknold bai tsaya wata-wata ba, ya cire golansa ya bar raga wayam, ya ƙaro mai kai hari. Cooley na fitowa ke nan, saura minti 2 da daƙiƙa 47, Collin Graf ya zura ta. Biyu da biyu.

Ƙarin lokaci a wannan gasa wanda ya fara ci ya gama. Aka huta, Zamboni ta gyara fili, na gyara zama na ce yau har asuba. Alƙali ya jefa faifai a tsakiya. Jacob Quillan ya ja shi baya wurin kyaftin ɗinsu Zach Metsa, shi kuma ya cilla doguwa ga Sam Lipkin, Lipkin ya miƙa wa Quillan da ya riga ya sheƙo, ya kauce wa gola ya tura. Daƙiƙa 10. Akwai 'yan kallon da ba su dawo daga sayen abin sha ba. Abin da suka yi ta maimaitawa ne a atisaye, suka ajiye shi sai ranar. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa, a kan idona.

Ku da ke bin manyan kulob na Turai ba za ku gane ciwon da ya biyo baya ba. Ku in an doke ku sai ku ce baɗi, a sayo ɗan wasa biyu a ɗora a kan waɗanda ake da su. Ƙungiyar ɗalibai aro ce. Shekara huɗu ce iyakar yawancinsu, gwanayen kuwa ɗaya ko biyu suke yi su wuce. Kafin mako ya zagayo Faber ya sa rigar Minnesota Wild, Knies ya sa ta Toronto, suna buga wasan ƙwararru. Cooley ya ce zai dawo, muka yi ta murna, a watan Yuli ya sa hannu da Arizona. Wannan layin na mutum uku kaka ɗaya ya yi a duniya. Shi ya sa nake hana ido barci a Nuwamba saboda wasan da ba kofi a cikinsa, don na san yaran da nake kallo ba za su sake haɗuwa a riga ɗaya ba. In Oktoba ta zo kuma a kawo wasu 'yan shekara 18 da ban san sunansu ba, in fara haddacewa daga farko.

Na ga 'yan Arsenal a cikinku sun fi kowa ƙyaƙyatawa, wai an ba mu 2 da nema mun zubar. Ranku ya daɗe, a ranar Lahadin nan dai, 9 ga Afrilu, bayan la'asar, ina kuke? Ni na sani. Kuna gidan kallo da azumi a bakinku, Martinelli ya ci a Anfield, Jesus ya ƙara, kuna saman teburi, har kun fara rabon kofi. Salah ya rama ɗaya, Firmino ya sa kai a minti na 87, aka tashi 2 da 2, kuka sha ruwa ba mai ce wa wani sannu. Mako ya zagayo kuka sake ba West Ham 2 da nema, aka sake tashi 2 da 2. A lokacin rabonmu da kofi tun 2003, rabonku da na Firimiya tun 2004, kuma a cikinku ban san wanda ya taɓa taka Landan ba. Ni dai cikin daƙiƙa 10 aka yanka ni na huta, na tashi na ci sahur ɗina. Ku kuwa sai da Manchester City ta yi ta jan ku a ƙasa har watan Mayu.